Shekarar da Muka Yanka Shanun Yumɓu

Labari ya zo mini har gida, wai ku 'yan matan da kuka fito daga makarantar horon malamai kuna cewa darasin zane da aikin hannu shi ne lokacin hutun malama. Wai a raba wa yara alli, a ce kowa ya zana tulu, malama ta miƙe ƙafa tana gyaran ɗaurin ɗankwali har a buga ƙarfe. Madalla da wannan karatu. Ni ban yi zurfi ba, a aji huɗu na tsaya na yi aure, wannan rubutun ma sai da na sha gogewa. Amma bari in gaya muku yadda abin yake a wajenmu mu marasa satifiket, wataƙila a Kano wani irin yumɓu ne da su.

Ni mutuniyar Ƙofa ce. Inda nake koyarwa wata elementare ce a ƙasar Kiru, ba zan kama sunan garin ba, don har gobe a kasuwarsu nake cefane. An ɗauke ni malamar koyo, wato mai koyarwa tana koyon yadda ake koyarwar. Ba hazaƙata aka gani ba. An duba ƙasar ne kaf aka rasa macen da ta iya rubuta sunanta, wadda kuma mijinta zai bar ta ta fita. Nawa ya bari ne saboda ba ya nan, yana Riruwai wajen haƙar kuza, daga Sallah sai Sallah. Kuma dole a sami mace, domin hakimi ya sa masu unguwanni sun tattaro 'yan mata an zuba su a benci ɗaya a bayan maza, iyaye kuwa sun ce ba za su bar 'ya'yansu a hannun ƙarti zalla ba.

Ranar da na fara, hedimasta Malam Barau ya nuna mini bencin nan da sandarsa.

"Malama Asabe, kin ga wannan? Tare aka kawo ku. Ran da aka wayi gari ba kowa a kansa, tare za a fitar da ku. Kuma kada ki taɓa kabad."

Shi ke nan horon da hukumar En'e ta yi mini, a tsaye, a bakin ƙofar aji.

Horo na gaskiya a hannun Gwaggo Mairo na same shi, ƙanwar babana, maginiyar tukwane. Tun ina ƙarama ita ta koya mini ba kowace ƙasa ce yumɓu ba. Sai ki bi gefen rafi inda ruwa ya ci gaɓa, ki tona ki wuce baƙar ƙasar sama, har ki kai inda take maƙale wa fartanya. Ki jiƙa ta kwana. Ki daka tsingaro, ki tankaɗe, ki zuba, ki taka da diddige har ƙafarki ta daina jin dutse. In kina son ki san ya yi, ki murza shi kamar igiya ki naɗe a yatsa. In ya tsage, da saura. Gwaggo ba ta bayani da baki, da ranƙwashi take yi, kuma har yau in na ga tsaga a jikin tukunya tsakar kaina ce take fara amsawa. Wannan aikin duka ni nake yinsa da yamma bayan an tashi, da goyo a baya, domin washegari yara su sami abin ɓatawa.

Kabad ɗin da aka hana ni taɓawa, a cikinsa kayan zanen makaranta suke. Akwai kwalin kala da aka aiko daga Kano, da buroshi masu gashi, da farar takarda. Mabuɗin yana ɗaure a wuyan Malam Barau tare da layarsa. Ba a buɗewa sai an hango keken mai duba makarantu ya doso, sannan a fito da kwalin a ɗora a tebur, yara su kalla daga nesa, in baƙo ya tafi a mayar. Na taɓa leƙawa. Kalar ta bushe ta tsattsage kamar ƙasan kududdufi da bazara, amma Alhamdulillahi ba yaron da ya ɓata ta.

Mu abin da muke aiki da shi, baƙi gawayi ne, ja jar ƙasa, fari farar ƙasa. Shuɗi kuwa sai na je marina na roƙi ragowar baba a kasko. Kowanne sai an jiƙa ƙaro an zuba masa, in ba haka ba yana bushewa zai kakkaɓe. Buroshi, kowane yaro ya karyo tsinke ya tauna bakinsa har ya yi laushi kamar asuwaki. Rabin ajin in suka fara taunawa ba sa tsayawa, sai ki juyo ki ga yaro ya cinye kayan aikinsa yana kallonki. Farar ƙasa ma haka, ba ta kai ƙarshen darasi. 'Yan matan nan suna cinta kamar alewa.

Zanen farko da na sa su, cewa na yi kowa ya zana ɗakin uwarsa a sileti. Na zana nawa a allo da ƙofa da jinka, yadda na gani a littafi. Da na zagaya sai na tarar kowa ya yi da'ira ɗaya ya ajiye alli. Na ce ina ɗakin? Wani ya ce, "Malama, shi ne wannan. In kika hau ɗorawa haka yake." Na ce to ni ban hau ɗorawa ba. Ya dube ni da tausayi. Waɗannan su ne masu cinikinki, kuma su masu sauƙin ke nan. Masu wuyar suna gida, su ne iyayensu.

Duk wannan ana yinsa ne da Ɗanlami a bayana. Ɗana na fari bai zauna ba, ƙyanda ta tafi da shi yana rarrafe, saboda haka wannan in ya yi atishawa ajiye alli nake yi. In ya yi shiru da yawa sai na kwance zani na taɓa maɗigarsa, in ya yi kuka da yawa ma sai na taɓa. Yara har sun gane, in suna son darasi ya tsaya sai wani ya ce, "Malama, kamar Ɗanlami ya haɗiye wani abu." Kuma sau da yawa gaskiya ne. Ba na jin akwai yaron da ya ci yumɓun En'e kamar nawa.

Haka muka yi ta yi da faifai da kasko da zanen tulu, ba wanda ya kula da mu, sai bara. Bara ce muguwar shekarar. Ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, gero ya tsaya a ƙugu, gidaje suka fara tura 'ya'ya wajen dangi don a rage baki. A rugage kuma ciwon huhu ya shiga shanu. Bencina ya fara nuna katako. A daidai wannan lokacin ne masu ilimi suka ga ya dace su aiko da sabon littafi daga Kano, wanda ya ce 'yan ƙananan azuzuwa su riƙa gina dabbobin gida da yumɓu, a busar, a jera don mai dubawa ya gani.

Na ce wa Malam Barau, "Ranka ya daɗe, garin nan fa?"

Ya ce, "Garin nan ne ya rubuta littafin, ko Kano?"

To, muka gina. Ranar kam ba wanda ya ci farar ƙasa. Awaki, tumaki, jakuna, kaji, har da wani abu mai ƙafa biyar da mai shi ya rantse raƙumi ne. Da aka tashi kowa ya ɗauki nasa a tafin hannu ya nufi gida yana murna, ni kuma na bi su da kallo ina jin daɗi kamar na yi abin kirki.

Kafin la'asar labari ya gama gari: malamar boko tana koya wa yara sassaƙa gunki. Uwar wata yarinya Talatu ta zo har ƙofar ɗakina da tunkiyar yumɓu a kan murfin kwano, ta ƙi ko taɓa ta da hannu.

"Asabe, ke da muke ganin 'yar mutunci ce? Wannan kika aiko mini ya kwana a ɗakina, mala'iku su tsaya a waje? Ran gobe in aka ce Talatu ta busa masa rai, ke za ki zo ki taya ta busawa?"

Na ce, "Yaya, littafi ne ya ce."

"Littafin ya zo ya haifi nasa ya koya musu." Ta leƙa bayana ta kalli Ɗanlami. "Ke dai ki ji tsoron Allah, kina da ɗanyen goyo."

Ta tafi ta bar ni ina taɓa maɗiga har magariba.

Washegari bencin ya zama kamar an share. Wata an ce zazzaɓi, wata an ce ta tafi Bebeji gaida kaka, wata kuwa ɗan doka ya je nema aka ce ba ta nan alhali ana jin tarinta a cikin rumbu. Waɗanda suka rage su ne 'yan matan ruga, Dudu da 'yan uwanta biyu, su ma yau su zo gobe su bi shanu. Malam Barau ya kira ni ya ce mai dubawa zai zo bayan kaka, in ya tarar da bencin haka, na san abin da ya gaya mini ranar farko. Na ce to a daina dabbobin mana. Ya ce ba zai daina abin da ke rubuce a cikin littafi ba. Na ce to ya je ya ga Liman. Ya ce wannan maganar mata ce.

Ni na je. Mace irina ba ta zama gaban Liman, sai na bi ta cikin gida wajen uwargidansa, Inna Hajara, na durƙusa a bayan zaure, ita tana kai magana tana kawowa, ko da yake duk muna jin juna sarai. Na ce Allah gafarta Malam, ga littafi ga gari, ga ni a tsakiya da goyo. Ya yi gyaran murya, ya ce abin da aka raba kansa da jikinsa, wanda ko mai rai ne ba zai rayu a haka ba, wannan ba sura ba ce, ƙasa ce. Inna Hajara ta juyo ta maimaita mini, ta ƙara da nata: "Wato dai ku yanka su, 'yar nan."

Nan aka buɗe mahauta a makarantar En'e. Duk ƙarshen darasi, kowa ya kwantar da dabbarsa, a fere ɓawon kara mai kaifi, a ratsa wuya, a ajiye kai a gefen gangar jiki a kan katakon bango ya bushe. Ban taɓa ganin darasin da yara suka so kamar wannan ba. Su da kansu suka ce sai an fuskantar da dabba gabas, an yi bisimilla. Su suka ce mace ba ta yanka, don haka 'yan mata su miƙa wa maza. Mazan kuma suka ce mai yanka yana da wuya, aka fara dambe a kan wuyan akuyar yumɓu. Wani ya zo da hular babansa don ya yi kama da mahauci. Labari ya koma gari cewa Liman ya halatta, masu zazzaɓi suka warke, ta cikin rumbu ta fito, Talatu ta dawo da kitso sabo. Malam Barau ya tsaya gaban katakon nan cike da gawarwaki ya ce, "Kin gani? Na san za mu sami hanya."

Duk lokacin da ake wannan hidima 'yan ruga ba sa nan, sun bi iyayensu neman ciyawa. Ranar da suka dawo, shanu muke yi. Dudu ba ta magana a aji, in na tambaye ta abu ƙasa take kallo, har na ɗauka kanta ne ba ya ja. Ranar ta ɗauki yumɓu ta juya mana baya. Da na zagayo kanta sai na tsaya. Kowa ya yi saniya, ita ta yi wata saniya guda: tozo ya ɗan kwanta gefe, ƙaho ɗaya ya fi ɗaya lanƙwasa, leɓar wuya tana reto. Ta lakaci farar ƙasa ta ɗiga mata a goshi.

Na ce, "Dudu, wannan fa?"

Ta ce, "Wule ce." Wai haka suke kiran saniya mai farin goshi. Ta babanta ce, kuma nononta aka yaye Dudu da shi.

Aka zo yanka. Maza suka zagaya da ɓawon kara. Dudu ta ga abin da aka yi wa ta kusa da ita, sai ta sa hannu biyu ta rufe tata. Na lallaba ta, na ce doka ce, Liman ne ya ce. Ta girgiza kai. Talatu ta miƙe tsaye, ta riƙe ƙugu irin na uwarta, ta ce, "Malama, in ba a yanka ta 'yar Fulani ba sai na faɗa a gida." Kuma za ta faɗa. Talatu ko tusa aka yi a aji sai ta kai gida. Na dubi benci cike, na dubi saniya ɗaya. Na ce wa mazan su yi aikinsu. Suka ɓamɓare yatsun yarinyar, suka fuskantar da Wule gabas.

Dudu ba ta yi kuka ba. Ta tashi, 'yan uwanta suka tashi, suka fita ba sallama.

Ba su dawo ba. Ranar kasuwa na je sayen nono, matan ruga suka rufe ƙorensu da faifai tun ina nesa. Wata ta ce ya ƙare, ina ganinsa fal. A nan na ji cewa Wule ta gaske ta kwanta ta daina cin ciyawa, kuma an san wadda ta yanka ta tun tana tsaye. Wata tsohuwa ta bi ni da ido, ba ni take kallo ba, ƙafar Ɗanlami take kallo da ta leƙo daga zani. Na dawo gida ban sayi ko gishiri ba. Ga shi 'yan gari ma bencin bai cika da su kaɗai ba, shekarar ta riga ta kwashe rabi. In babu 'yan ruga, mai dubawa katako zai gani.

Na ƙara wa Ɗanlami laya, na goya shi, na kama hanyar ruga da hantsi. Karnuka suka fara yi mini maraba. Kakar Dudu ce ta kore su, wata doguwar tsohuwa da ake kira Nenne.

"Jaɓɓama, 'yar Kaɗo. Kin zo karɓar fata ne, ko kai da ƙafa?"

Na durƙusa na gaishe ta, na gaida gida, na gaida shanu, ban bar kowa ba. Aka kira uban Dudu. Ya zo ya tsaya da sanda a kafaɗa, hannuwa a rataye. Na ce masa Arɗo, ko da yake na san ba arɗo ba ne. Bai hana ni ba.

"Malama, hakimi ya ce mu ba da yara a koya musu karatu. Mun bayar. Ashe fawa ake koya musu."

"Arɗo, ƙasa ce fa. Yumɓu ne."

"In ƙasa ce, me ya sa kuka yi bisimilla?"

Sai na gyara goyo.

Bai kama sunan Dudu ba ko sau ɗaya, 'yar fari ce. Ya ce, "Yarinyar nan ta ga saniya ba lafiya, ta je ta gina ta a tsaye da ƙafa huɗu. Ku kuka kwantar da ita. Ku mutanen gari in kun ga saniya, tukunya kuke gani."

Na ba shi labarin littafi, da uwar Talatu, da Liman, da bencin da za a fitar da mu tare. Na ce in an bar dabba da kanta, 'yan gari su gudu, in an yanka, nasa su gudu, ni kuma ba ni da wata sana'ar sai wannan. Nenne ta yi dariya har tana riƙe ciki. Ta ce wa ɗanta wani abu da Fillanci, shi ma ya ɗan murmusa.

Ya ce, "Tana cewa wane ɗan ruga ne bai gina shanun laka ba? Ni ma na gina, garke guda. Ba wanda ya taɓa kai su ɗaki, ba wanda ya taɓa sa musu wuƙa."

"To yaya kuke yi da su?"

Ya dube ni kamar yadda yaron nan na kan ɗorawa ya dube ni. "Yadda ake yi da shanu. In rana ta yi, a kora su mashaya."

Wai sai su jera su a bakin ruwa, inda yake lasar gaɓa, su koma kiwo. Kafin yamma ruwa ya tafi da su.

Na ce in Liman ya yarda da wannan, yara za su dawo? Nenne ta ce tukuna. Wadda aka yanka sai an tayar da ita, kuma hannun da ya ba da umarni shi zai tayar. Aka kawo mini laka daga bakin rijiya, ba tsingaro ba komai, na zauna a tsakiyar ruga, mata da yara sun kewaye ni, malamar zane ta En'e za ta gina saniya. Ni tukunya na iya. Na yi iya yina, Ɗanlami yana miƙo hannu ta kafaɗata yana neman rabonsa. Da na gama na ajiye a gabansu.

Nenne ta sunkuya ta duba ta gaba, ta duba ta baya. Ta ce, "'Yar Kaɗo, wannan jakin na wane ne?"

Sai ga Dudu ta fito daga bayan bukka. Ta tsuguna, ta ja tozon, ta lanƙwasa ƙahon, ta matse bakin, ta lakaci toka ta ɗiga a goshi. Nenne ta ce to, yanzu an san ko wace ce. Ta sa aka ba ni nono a ƙwarya, ta lakata ta sa wa Ɗanlami a baki da yatsanta. Na bar ta, amma duk hanyar gida ina sauraron numfashinsa.

Na sake komawa bayan zauren Liman. Inna Hajara ta kai, ta kawo. Ya ce abin da ruwa ya narkar kafin rana ta faɗi, bai kwana a ɗakin kowa ba, wasan yara ne. Sannan na ji ya ce mata a hankali, "Ita wannan malamar ba ta da wata tambaya ne, ko ta alwala?"

Malam Barau ne ya ƙi. Ya ce to me za a jera a katako? Na ce ranka ya daɗe, ko katakon bango ya cika ko bencin 'yan mata, ka zaɓa. Ya zaɓi benci, amma ya ce in magana ta tashi bai san da ita ba. Muka kwashe gawarwakin muka zuba a ramin yumɓu. Daga ranar, in an gama darasi sai a yi layi zuwa rafi, kowa da dabbarsa a hannu, 'yan ruga a gaba suna yi musu irin kiran da suke wa shanu, 'yan gari suna kwaikwayo ba su iya ba. Mazan sun yi fushin rashin wuya kwana biyu, suka manta. Wule ta gaske ta tashi daga baya. Ko jiƙon Nenne ne, ko allurar ma'aikatan dabbobi, ko jakina, ban tambaya ba.

Bayan kaka aka hango keke. Aka buɗe kabad, aka fito da kwalin kala. Mai dubawa wani siririn malami ne mai tabarau, ya shigo yana kaɗe ƙurar wandonsa. Ya fara da bencin 'yan mata, ya bi su ɗaya ɗaya da bakin alƙalami, ya gyaɗa kai. Sannan ya juya ga katakon bango. Wayam, sai ƙadangare.

"Malama, ina dabbobin da littafi ya ce?"

Na duba inda Malam Barau yake, na ga ya sami wani abu mai muhimmanci a rufin ɗaki yana kallo. Sai na ji murya daga bayan aji, wadda ban taɓa ji da ƙarfi haka ba.

"Sun tafi shan ruwa."

Ya sauke tabarau. "Wa ya faɗa? Ke? To in sun tafi, a kawo mini wasu."

Aka kawo yumɓu. Ya ja kujera ya zauna kusa da Dudu yana kallon yatsunta har ta gama. Ya ɗauki saniyar ya juya ta a hannu, ya daɗe, ya ce kakarsa ta wajen uwa tana da mai irin wannan ƙahon. Ya ce benci ya zauna, malama ma ta zauna. Ya rubuta a littafin makaranta cewa zuwan 'yan mata ya yi kyau saboda ƙoƙarin hedimasta. Malam Barau ya sauko da idonsa daga rufi ya karɓi godiya.

Har ya ɗora ƙafa a feda sai ya waiwayo.

"Malam Barau, aikin nan ya fi ƙarfin ƙauye. Baɗi za a yi nunin aikin makarantu a Kano. Ina son garke guda irin wannan, busasshe, kowace da kanta a wuyanta. A ajiye mini su a aji har in zo."

Malam Barau ya ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Baɗin ita ce bana. A watan jiya kuma takarda ta zo, ta ce daga yanzu darasin zane sai mai satifiket, za a turo ɗayarku bayan Sallah. Ni ba a kore ni ba, an ce in riƙe 'yan matan da ɗinki. Liman yana nan da ransa, uwar Talatu ta ƙara lafiya, rugar su Dudu ba ta tashi ba. Na sami Malam Barau na ce, ranka ya daɗe, garken nan da zai kwana a aji da kawunansa har kaka, wa zai je ya gaya wa mutanen nan?

Ya ce, "Sabuwar malama ta yi karatu, za ta san yadda za ta yi."

Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Na gyara goyona, na je neman allura.